Shafin Talatin ga Rajab

Mahaifina yana da wani littafi mai baƙin bango, irin babbar rijistar nan da ake kiran sunan ɗalibai da ita, kuma duk wanda sunansa ya shiga ciki to ya riga mu gidan gaskiya. Shafi ɗari uku da sittin ya ware, wata goma sha biyu, kowane wata kwana talatin, bisa lissafin watan Musulunci. A kowane shafi akwai sunayen mawaƙa da makaɗa da marubuta da 'yan wasan kwaikwayo da suka rasu a rana irin wannan. Suna, sana'a, gari, shekara. Ba ya ƙara komai a kai, ba yabo, ba zagi.

Asalin sana'arsa kaset ce. Shekara da shekaru yana da shago a bakin kasuwar Daura, yana ɗaukar murya yana sayarwa. Ranar kasuwar ƙauye sai ya rataya rikodarsa ya bi makaɗa har inda suke, ya dawo da yamma ƙafa duk ƙaya, yana murna kamar wanda ya tsinci raƙumi. Da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu babu wanda ya zo ya ce masa kanzil. Shi da kansa ya hau benci ya kwance lasifikar da ke ƙofar shago, ya kwashe kaset-kaset na kiɗa ya zuba a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado, ya koma sayar da na karatu da wa'azi. Ya yi murna da shari'a, har ga Allah ya yi. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Sai ya ga makaɗi ya mutu, mutanen da suka sha rawa da kiɗansa suna sunkuyar da kai a wurin jana'iza, wasu ma ba sa zuwa. Ya ce in abin da mutanen nan suka yi laifi ne, to su suka fi kowa bukatar addu'a, in kuwa ba laifi ba ne, ina dalilin gudunsu? Daga nan littafin ya samo asali.

Aiki ne na mai naci. Waɗanda suka daɗe da rasuwa sai ya bi tsofaffi da tambaya, ya bi malaman zaure masu rubuta abubuwa a bayan takardunsu, ya tara tsofaffin kalandu masu kwanan wata biyu yana juya na boko zuwa na Musulunci. Sababbi kuwa rediyo ke kawo masa su. Shekarun nan fim ɗin Hausa yana tashe, matasansa suna ta mutuwa a kan hanya tsakanin gari da gari. Shi ko fuskarsu bai taɓa gani ba, amma da ya ji sanarwa zai ce a miƙo biro. Kullum bayan sallar Asuba, in gari ya yi haske, sai ya zauna a zaure ya buɗe shafin ranar, ya kira sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu addu'a, sannan ya miƙa goro ko dabino sadaka ga duk wanda ya fara yin sallama. Maƙwabta sun san da haka. Akwai wani tela a layinmu da bai taɓa makara ba.

Ni ba da shawarata na shiga lamarin ba. Aurena ya mutu, na dawo gida da akwatina da aikina na koyarwa a firamare, na tarar yanar ido ta kusa cinye ganin Baba, innarmu kuma ta daɗe da rasuwa. Sai karatun da rubutun suka dawo kaina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Da sassafe zan ji shi daga zaure yana tambayar su wa ke gare mu yau, kamar baƙi muke jira daga tasha. Nakan tsokane shi in ce duk faɗin Daura babu mai zumunci da matattu irinsa, shi kuma ya ce ai sun fi masu rai daɗin maƙwabtaka, ba sa aron tsani su ƙi mayarwa. Da farko abin dariya yake ba ni. Daga baya na saba, har na soma sanin ranakun da halinsu. Akwai ranar da marubuta suka yi wa yawa, akwai wadda mace ɗaya ce tak a cikinta, mai waƙar biki, nakan ji tausayinta ita kaɗai a shafi guda. In na karanta sunan wanda Baba ya sani ido da ido, sai ya ba ni ɗan labarinsa kafin addu'a, ni kuma in makara zuwa makaranta.

A hankali shafuka suka cika. Wata ranar suna biyu, wata bakwai, wata har sai an rubuta a gefe. Ranakun talatin ga wata su suka fi jinkiri, tunda ba kowace shekara suke zuwa ba, sai in ba a ga jinjirin wata ba ranar ashirin da tara. Amma su ma ɗaya bayan ɗaya suka samu nasu. Saura guda ɗaya tak, talatin ga Rajab, watan azumin tsofaffi. Shafin nan fari fat, layukansa a miƙe, babu ko ɗigon tawada. Baba ya yi tambaya har ya gaji, ya aika Katsina, ya aika Kano, bai samu ko mai kalangu ɗaya da ya faɗi a wannan rana ba.

Ban san yaushe abin ya juye a zuciyarsa ba. Wata safiya dai, muna cikin wani zance daban, ya ce kowace rana ta ci nata, wannan ce kawai ke zaune da yunwa, kuma shi ma ɗan gidan makaɗan nan ne, don rabin muryoyin da ke cikin akwatin nan ba don shi ba da iska ta tafi da su. Na ce masa wannan ai camfi ne, shi da yake sahun gaba a masallaci. Ya ce ya sani, ya yi istigfari, ya ce ajali na Allah ne ba na takarda ba. Da bakinsa ya faɗa, amma jikinsa bai ji ba. Da Rajab ya kama sai abinci ya soma raguwa a kwanonsa. In wata ya kai ashirin ya fara aika ni gidajen mutane neman gafara a kan abubuwan da su kansu sun manta. Ranar ashirin da tara da yamma kuwa sai ya sa in fito da shi ƙofar gida, ya fuskanci mafaɗar rana da idon da ba ya ganin komai, rediyo a cinyarsa, yana tambayata yaya sama take.

Shekarun nan Rajab a tsakiyar damina yake faɗowa, hadari kuwa ba ya shawara da kowa. In an ga wata, Baba zai miƙe kamar an sauke masa buhu daga ka, ya ce a dama masa fura. In ba a gani ba, ranar talatin ta shigo ke nan, daga wannan magaribar zuwa ta gobe. Da safe zai yi wanka ya sa farar riga, ya zauna a zaure bayansa jingine da bango, ba ci, ba hira. Duk da haka sai ya ce in buɗe shafin. In buɗe, mu yi shiru ni da shi a kan farar takarda, har tela ya zo ya yi sallama ya ga yanayinmu ya juya. Sau biyu na ga irin wannan rana. A ta biyun sai da ya yi sati uku a kwance bayanta, ina juya shi ina ƙirga haƙarƙarinsa da ido. Na tabbata a raina cewa ko ranar ba ta ɗauke shi ba, tsoronta zai ɗauke shi.

Shekarar da ta biyo baya, Rajab ya kai ashirin da bakwai, ruwa kullum, Baba ya koma kamar kara. Na shiga ɗakina da littafin na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Akwai wani mai kukuma na ƙasar Mashi, abokin Baba tun suna samari, wanda ya fi kowa yawan kaset a akwatinmu. Ina yarinya yakan zo shago, dogo, siriri, in ya zauna ko babu kukuma a hannunsa yatsunsa na hagu ba sa daina motsi a kan gwiwarsa. Tun da aka daina kiɗa a fili ya ɓace. Wasu suka ce ya ƙetara Nijar, wata malama a makarantarmu kuma ta ce tana jin kamar ya rasu. Wannan kamar ɗin na riƙe da hannu biyu. Na ce a raina tsoho ne, shekara nawa babu ɗuriyarsa, da wuya in yana raye, ranar ce kawai ba mu sani ba, to me zai ragu a jikinsa in na ba shi wannan? Na ɗauki biro na rubuta sunansa a layin farko, mai kukuma, ƙasar Mashi, na sa shekarar bara.

Ba a ga wata ba. Da safe Baba ya zauna cikin farar rigarsa ya ce in buɗe. Na buɗe, na ce masa wata malama 'yar Mashi ta ba ni wani labari, na bari sai yau tunda yau ce ranarsa. Na karanta sunan. Sai hawaye suka gangaro daga idanun nan masu fari.

"Ashe bara da nake zaune nan ina jira, can ta nufa," in ji shi.

Ya yi addu'a mai tsawo, wadda ban taɓa jin ya yi wa kowa irinta ba. Tela ya samu goro biyu ranar. Da azahar Baba ya ce yunwa yake ji, ya cinye tuwo kwano guda ya nemi ƙari. Na koma madafa na yi kuka, rabinsa na murna ne. A ganina na gama dabara, babu wanda ya kai ni wayo a unguwar.

Abin da ban kawo a raina ba, ni da aka haifa aka raina a garin nan, shi ne ta'aziyya. Kwana uku bayan haka Baba ya ce in nemi izini a makaranta, za mu Mashi. Na ce an fa shekara. Ya ce ko shekara goma ce, ba zai ji mutuwar mutumin nan ya ci gaba da zama a zaure ba. Na ce hanya ta lalace, na ce jikinsa bai yi ƙwari ba, na ce ba mu san ƙauyen ba. Ashe ya san ƙauyen, har da bishiyar da ke ƙofar gidan. Na bi shi ina wata addu'a da ban taɓa zaton za ta fito daga zuciyata ba. Ina roƙon Allah ya sa mu tarar mutumin ya mutu.

Muka shiga mota zuwa Mashi, daga nan 'yan acaɓa biyu suka ɗauke mu ta cikin burtali. Gero ya fi tsayin mutum dama da hagu, ba abin da ake gani sai hanya da sama. A bakin ƙauyen muka sauka saboda laka. Na bar Baba a tsaye na matsa wurin wani dattijo mai kiwon awaki, na rage murya na tambaye shi gidan iyalan mai kukuma. Ya ɗaga sanda ya nuna wani gawo, ya ce ai ga shi can ma a zaune.

Gawo da damina ba shi da ganye ko ɗaya, ko'ina kore shar, shi kaɗai tsirara. A gindinsa wani tsoho yana tufkar igiya. Ya ajiye igiyar don ya huta, sai na ga yatsunsa na hagu suna tafiya a kan gwiwa. Da na san yadda zan yi da mun juya daga nan, amma Baba ya riga ya dafa kafaɗata yana cewa mu je, ya gane wurin.

Baba ya yi sallama. Tsohon ya amsa, ya yunƙura zai tarbe shi, fuskarsa cike da fara'a. Kafin ya ƙara wata kalma, Baba ya durƙusa a kan tabarma.

"Ya haƙuri? Ashe mai kukuma lokaci ya yi. Wallahi sai cikin satin nan labari ya iske ni."

Tsohon ya tsaya a yadda yake, bai miƙe ba, bai zauna ba. Ya dubi Baba ya ga idanun, sannan ya dube ni. Ban san abin da ya gani a fuskata ba. Na dai haɗa tafukan hannuna a ƙirji ina girgiza kai, kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Ya koma ya zauna a hankali.

"Haƙuri sai godiya," ya ce. "An gode da tattaki."

Baba ya ɗauke shi a matsayin ƙanen marigayi, shi kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Matan gidan duk suna gona, babu kowa sai mu uku da kaji. Baba ya shiga ba shi labarin wansa. Ya faɗi yadda ya fara jin kukumarsa a wata kasuwa ya manta da abin da ya kai shi ya bi sauti, da yadda in ya goga tsirkiya mata ke barin tulu a bakin rijiya, da yadda bai taɓa zagin kowa a waƙa don an hana shi ba. Ya ce mutum ne mai kunya, Allah ne dai ya sa abincinsa a kiɗa. Tsohon yana saurare, kansa a ƙasa, hawaye suna bin gemunsa. Sannan Baba ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi, ya sauƙaƙa masa tambaya. A kan kowace gaɓa mai kabarin yana cewa amin, da aka gama kuma ya shafa tare da mu.

Da muka tashi tsohon ya ce zai taka mana. Ya bari Baba ya yi gaba, ɗan acaɓa riƙe da hannunsa, shi kuma ya rage tafiya daidai da tawa. Na soma zuba masa bayani ba kai ba gindi, littafin, da farin shafin, da rashin cin abincin. Na ce don Allah ya yafe mini. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce shekara da shekaru ke nan babu wanda ya ambaci kukumarsa da alheri, 'ya'yansa ma in an ɗauko zancen sai su tashi su ba da wuri. Sai ya tsaya a tsakiyar hanya.

"Ɗiyata, wace rana ce kika ba ni?"

"Talatin ga Rajab, Baffa."

Ya maimaita sau biyu a hankali, yadda mutum ke maimaita sunan garin da za shi don kada ya manta. Ya tambaye ni da fensir na rubuta ko da biro. Na ce da biro. Ya ce to, Allah ya kai mu gida lafiya, ya juya ya koma gindin gawonsa.

A mota Baba bai yi magana ba, na ɗauka gajiya ce. Shekarar nan ita ce mafi kyau da ya yi tun dawowata. Ya yi kumatu, ya koma zuwa shago yana zama ana hira, har faɗa yake mini in miya ta yi ruwa. Rajab ya sake kamawa, kwanonsa yana dawowa wayam. Ni ce na koma mai ƙirgen kwanan wata. Duk wanda na ji ya fito daga wajen Mashi sai na kewaya na kewaya na tambaye shi lafiyar mutanen ƙauyen can. Ranar ashirin da tara sama ta washe, ni da idona na ga watan, siriri, a saitin rufin masallacinmu. Na gaya wa Baba cewa bana babu talatin. Bai ce a dama fura ba. Ya kashe rediyo ya ce in zauna.

"Uwata, da sauraren muryar mutane na ciyar da ku. Tun daga amsa sallama na san shi."

Na rasa inda zan sa kaina. Na tambaye shi me ya sa to ya durƙusa. Ya ce a nan take ya gane abin da na yi, ya kuma gane yana so ya zama gaskiya. Ya ce tsoro ne ya durƙusar da shi, ya yi gaisuwar yana cewa a ransa in mutumin ya musa shi ke nan, mutumin kuwa bai musa ba. Shekara guda yana cin tuwo a kan wannan shirun, yanzu ya daina wuce masa a maƙogwaro.

"Ɗauko reza ki kankare. In ranar tawa ce, ta same ni a gidana. Ba na son wani ya tare mini ita."

Na ɗauko sabuwar reza na shiga ɗaki na buɗe shafin. Na ɗora bakinta a kan harafin farko. Sai sati ukun nan suka dawo mini, da haƙarƙarin, da kwanon da ke fita a yadda ya shiga. Na janyo wata tsohuwar takardar jarrabawa na yi ta kankararta da ƙarfi, don ya ji ƙarar daga inda yake. Na fito na ce masa na kankare, ya ce Allah ya yi mini albarka. Wannan karon ba ni da wata malama da zan laɓe a bayanta. Na san mutumin yana raye, na san muryarsa, na san bishiyar ƙofar gidansa, na kuma bar shi a wurin. Ni mai sallah ce, na san takarda ba ta kashe kowa. Amma in da gaske na yarda da haka, me ya hana ni kankarewa? Na sha yi wa kaina wannan tambaya, ban taɓa son amsar ba.

Rajab na gaba ya zo da hadari. Baba ya koma halinsa na da, tunda a saninsa shafin fari ne. Ranar ashirin da tara gajimare ya rufe yamma ruf, rediyo ya ce wata ya cika talatin. Da safe ya yi wanka ya sa farar rigar, ya ce in buɗe. Na buɗe muka yi shiru, shi a kan abin da yake zaton farar takarda ce, ni kuma ina kallon rubutuna. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ban je makaranta ba, na zauna a bakin ƙofar zaure ina tsince wake, ina sauraren numfashinsa. In ya yi tari gabana ya faɗi, in ya daɗe bai yi ba ma ya faɗi. Aka yi azahar, aka yi la'asar, inuwa ta haye bango. Da ladan ya kira magariba Baba yana nan da ransa, ya nemi ruwa ya sha. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har rawa ta so ta kama ni a tsakar gida.

Kwana biyu bayan haka wani mai babur ya yi sallama da saƙo daga ƙasar Mashi. Mai kukuma ya rasu. Ya ce marigayin da kansa ya bar wasiyya cewa in ta faru a je Daura a gaya wa mai kaset.

Muka sake bin burtalin nan. Wannan karon tabarmi ne shimfiɗe a gindin gawo, mutane cike. Baba ya zauna cikin maza, ni na shiga wurin mata. Babbar ɗiyarsa ce ta tarbe ni, mace mai kama da shi har tsayin. Bayan gaisuwa, na daure na tambaye ta wace rana ce. Ta ce ai wannan ma abin magana ne, har yanzu maza ba su daidaita ba. Garinsu bakin iyaka ne, rabin danginsu suna ƙetare. Masu sauraren rediyon Nijar sun ji an ga wata a can, suka wayi gari da ɗaya ga Sha'aban, masu jiran sanarwar gida kuma suka ce Rajab ya cika talatin. Zuciyata ta yi wuf ta kama Sha'aban ɗin nan. Da na yi shiru daga nan da na dawo gida da shi. Amma sai na ji bakina yana tambayarta shi marigayin wanne ya bi.

Ta ce, "Na ce masa, Baba, ai an ga wata a Nijar, yau ɗaya ga Sha'aban. Ya ce ku da kuka gani naku ne, shi bai gani ba, yau talatin. Ya sa aka ɗebo masa ruwa ya yi wanka, ya nemi farar rigarsa. Lafiyarsa lau, har fura ya sha. Bayan la'asar na kai masa ruwa gindin gawo na tarar ya jingina."

Ta ce shekara biyu ke nan kullum sai ya tambayi nawa ga wata, mutumin da a da ko ranar kasuwa sai an tuna masa. Ta tambaye ni ko na san dalili, tunda mu mutanen birni ne masu karatu. Na dubi idonta na ce ban sani ba.

Da la'asar sakaliya muka iso Daura. Baba bai shiga cikin gida ba, ya zauna a zaure ya ce in kawo littafin, in buɗe shafin, in ɗora masa a cinya. Su ma maza sun ba shi labarin a waje. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan takardar, sannan ya soma bin layin farko da kan yatsunsa. Takardar da reza ta ci takan yi kaushi, ba sai mai ido ne zai gane ba. Wannan sumul take, sai ɗan kwarmin da biro ya bari, don ni mai danna hannu ce in ina rubutu. Ya bi kwarmin daga farko har ƙarshe, ya dawo ya sake bi. Na tsaya ina jiran faɗa, ina ma son a yi mini. Ya turo mini littafin.

"Gyara shekarar, Uwata."

Na gyara. Lamba ɗaya ce tak ke bukatar reza, sauran duk daidai suke.

Baba ya ƙara shekara shida a duniya, bai sake rage abinci a watan Rajab ba, ba mu kuma sake tayar da maganar ba ni da shi. Na ji daɗin kowace rana daga cikin shekarun nan shida. Malamai sun ce ba a karɓar tuba sai da nadama. Na sha zama a kan sallaya ina lalube a zuciyata, na ga tsoro, na ga kunya, na ga tausayin bawan Allah nan da ya ce amin ga kabarinsa, amma nadamar har yau ban same ta ba.